Ƙarar da Talotalo Suka Ɗaukaka a Kan Kitsensu

A wani daji da ke tsakanin koguna biyu, inda aka daɗe da hana farauta a fili, akwai unguwar talotalo a cikin wani kurmin tsamiya. Tun da aka yi dokar zaman lafiya masu haƙori suka daina bin kowa da gudu, sai suka koma kafa hukumomi. Babba a cikinsu ita ce Hukumar Tantance Inganci. Kura ce shugaba, Dila magatakarda, Muzuru kuwa shi ne ƙwararren da ke bincike. Aikin hukumar, in ji masu ita, shi ne ta faɗa wa kowace halitta matsayinta, don kada wani ya zauna cikin jahilcin kansa.

A unguwar akwai wata macen talotalo ana ce da ita Hansai. Ta ga damina huɗu, wanda a wurin talotalo ya isa a kira ta Inna. Ba ta da yawan magana, amma idan ta kafa ƙafa a kan abu ba ta ɗagawa sai ta ga ƙarshensa. A ranin shekarar nan 'yarta Kyallu, 'yar wata shida, ta tafi shan ruwa da hantsi ba ta dawo ba. Kyallu tana da alama: tun tana 'yar tsako ƙaya ta yage mata cinyar hagu, wurin ya warke ya bar tabo. Ba ita kaɗai ta ɓata ba. A ranin nan an rasa talotalo ashirin da huɗu, maza da mata, manya da yara. Majalisar unguwa ta zauna a ƙarƙashin Magaji, tsohon da ke shugabantarta, ta yanke cewa sun tafi cin rani ne, aka rufe magana. Hansai ba ta yarda ba, don ta san 'yarta ko fara ta kama sai ta zo ta nuna mata kafin ta haɗiye.

Da ruwan farko ya sauka, wata safiya sai ga Dila ya shigo kurmin da takarda a baki. Aka tara jama'a. Ya ajiye takardar, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe Magaji, jama'ar talotalo, ina kwananku. Hukuma tana gaishe ku, ta kuma ce in yi muku albishir. An daɗe ana cewa kallon kitse ake yi wa rogo, wai ku kumburi ne kawai, babu komai a ciki. To, bincike ya ƙaryata masu faɗar haka. Ga abin da Malam Muzuru ya gano. Mace ta fi namiji kitse, ko da rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, ko da a wuri ɗaya suke tono. Kitsen yana taruwa a ƙarƙashin fata da cikin cinya, ƙirji kuwa kaɗan ne a kowa. Sannan kitse iri biyu ne. Akwai mai daskarewa, wanda in ya huce yake mannewa a ganɗa, akwai kuma mai narkewa, wanda ko ya kwana yana nan kamar man gyaɗa. Na mace ya fi karkata ga mai narkewa. Shekaru ma suna nasu aikin: yaro tsoka ce da ruwa, maiƙonsa bai zauna ba, gwargwadon girma gwargwadon kitse. Saboda haka hukuma ta ba manyan mata daraja ta ɗaya, 'yan mata ta biyu, manyan maza ta uku. Samari kuwa su yi haƙuri su ƙara girma."

Bai rufe baki ba guɗa ta tashi. Tabawa, shugabar mata, ta zagaya fili sau uku tana karkaɗa fiffike. Maza kuwa jan naman da ke reto a wuyansu ya yi duhu, suka baza jela suna huci, kowa na duban ɗan'uwansa.

Hansai ba ta yi guɗa ba. Ta lura Dila ya taka ƙasan takardar da ƙafa.

Ta ce, "Malam, akwai saura da ba ka karanta ba."

"Rataye ne kawai, Inna. Bayanin samfuri."

"Karanta mu ji."

Dila ya karanta da sauri, kamar mai tsallake garwashi. Lamba ɗaya, namiji, wata huɗu. Lamba biyu, namiji, shekara biyu. Har ya zo lamba tara: "Mace, wata shida, lafiyayya, tabo a cinyar hagu. Kitsen cinya rawaya ne mai laushi, ba ya daskarewa." Ya wuce zuwa ta goma. Lissafin ya tsaya a ashirin da huɗu.

Hansai ta matso kusa da shi.

"Malam Dila, yaya ake sanin launin kitsen da ke cikin cinya?"

Dila ya yi murmushi. "Inna, kowace sana'a da sirrinta. Ke ma ba ki taɓa gaya mana yadda ake juya ƙwai ba."

Aka fashe da dariya. Dila ya naɗe takardarsa, ya ce duk wanda bai gamsu ba ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take, ya yi sallama ya tafi.

Da rana ta take, Hansai ta nufi wurin yayanta Jatau. Shi ne mafi girman jiki a unguwar, kuma mafi iya magana. In ya buɗe baki a majalisa har kurciyoyi sukan sauko su saurara. Shi ya raine ta bayan uwarsu ta mutu, ya taɓa korar shaho a kanta har ya rasa gashin jela biyu. Ta same shi yana birgima a ƙura, ransa a ɓace.

Ta ce, "Yaya, ka ji lamba tara?"

"Na ji lamba uku," in ji shi. "Mu ne na uku, Hansai. Ni da nake ninki biyunki a nauyi."

"Kyallu ce, Yaya. Tabon nan ni na wanke shi da bakina. Ashirin da huɗu suka ɓata, ashirin da huɗu aka karanta. Ba sikeli aka ɗora su ba. Wanda ya ce kitse yana mannewa a ganɗa, ganɗar wa?"

Jatau ya tashi ya kakkaɓe jiki. Har ta yi zaton maganar ta shiga. Sai ya ce, "Ƙanwata, baƙin ciki yana sa a ga fuskar ɗa a kowane kututture. Talotalo nawa ne ke da tabo a cinya a dajin nan? Majalisa ta ce cin rani suka tafi, kuma ni na tsara kalmomin. Ko kina so in tashi in ce na yi kuskure? Ki bar wannan. Abin da ke gabanmu shi ne an wulakanta maza a bainar jama'a, kuma in ina numfashi sai an gyara."

Ta ce, "Kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yanka ta."

"Shi ya sa Allah bai yi ni kaza ba." Ya dube ta a kaikaice. "Ko dai kin ji daɗin daraja ta ɗaya ne, ba ki so a taɓa?"

Ta juya ta tafi wurin mata. Ta same su suna haɗa waƙar biki. Ta ja Tabawa gefe ta faɗa mata abin da ta faɗa wa Jatau. Tabawa ba wawuya ba ce, ita ma ta rasa ƙanwa a ranin nan. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya ciko.

Ta ce, "Uwar Kyallu, tun da aka kafa unguwar nan, a me muka taɓa zuwa na ɗaya? A majalisa muna bayan maza, a wurin tono muna bayan maza, a kan reshe mu ne a ƙasa. Yau rana ɗaya an kira sunanmu da fari, kina so in je in ce wa matan nan su mayar? Ba zan iya ba. Ko gaskiya ce, ki bar mu mu yi waƙarmu."

Kwana uku bayan haka majalisa ta zauna don duba batun ɗaukaka ƙara. Hansai ta nemi izini, Magaji ya ba ta, ta fito tsakiya.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ni ban zo neman daraja ba, ban zo kare ta ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Wa kitsenmu yake yi wa amfani? Ni dai tun da nake ban taɓa ɗanɗana nawa ba. Jatau bai taɓa ɗanɗana nasa ba. Wanda ya damu ya san ko kitsenka yana narkewa ko yana daskarewa, ba don ya aura maka 'yarsa ba ne. Sun zo da ladabi, sun gaishe mu, sun kira ni Inna. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Shawarata ita ce kada mu ɗaukaka ƙara, kada mu karɓi daraja. Mu mayar musu da takardarsu, mu daina zuwa ruwa ɗaiɗai, in ta kama mu haye kogi kafin ya cika. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Sai Cindo, shugaban samari, mai yatsa shida a ƙafar dama, ya daka tsalle ya ce, "Ranka ya daɗe, mai daraja ta ɗaya ce take ce wa marasa daraja su haƙura! Mu da ko lamba ba a ba mu ba?" Samari suka ɗauki ihu. Magaji ya ɗaga fiffike aka yi shiru, ya ce maganar Inna Hansai tana da nauyi, amma ba ta cikin abin da aka zauna dominsa, za a sa mata rana ta daban bayan kaka. Aka zaɓi Jatau ya tsaya wa maza, Tabawa ta kare mata, Cindo ya yi magana da yawun samari. Hansai ta ce za ta bi su. Aka ce hanya ta kowa ce.

Zauren hukuma yana gindin wani dutse, an share shi tas, ko ƙashi ɗaya ba a bari a fili ba. Kura na zaune a sama, Dila a damanta, Muzuru a hagunta yana lasar ƙafa. Jatau ya shiga yana jan fiffike a ƙasa, jela a baje. Hansai ta dube shi, ta ga bai taɓa yin kyau irin na ranar ba, abin ya ƙara ɓata mata rai.

Ya fara: "Ranki ya daɗe, ban zo in ce Malam Muzuru ya yi ƙarya ba. Na zo in ce ya yi gaggawa. Yaushe aka ɗauki samfurin nan? Da rani. Kowa ya san da rani namijin talotalo ba ya zama ya ci, yana rawa, yana faɗa, yana tsaron gida, duk abin da ya tara ya ƙone. A auna namiji da rani, ai kamar a auna kogi ne da bazara. A zo a gan mu da kaka, bayan mun bi gonakin gyaɗa. Na biyu, an ce mace ta fi yawan kitse. Na yarda. Amma yawa daban, tsari daban. Nata ya taru a ƙarƙashin fata kamar an shimfiɗa tabarma. Namu kuwa kaɗan ne, amma ya ratsa cikin tsoka, kuma tsokar ninki biyu ce. Wanda ya sami namiji ɗaya ya sami mata biyu, ba tare da maiƙo ya yi masa nauyi a ƙirji ba. Na uku, shekaru. Rahoton da kansa ya ce gwargwadon girma gwargwadon maiƙo. To, wa ya kai mu girma? Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma manyan maza nawa aka duba? Shida! A yanke wa al'umma hukunci da shida? Ina roƙon hukuma ta sake bincike, ta ninka samfuri sau uku, ta kuma fara da manyanmu. Namiji barkono ne, ranki ya daɗe, sai an tauna ake sanin yajinsa."

Kura ta haɗiye yawu, ta ce wa Dila, "Rubuta wannan na ƙarshen yadda ya faɗe shi."

Tabawa ta tashi ta kare mata da ƙarfi, har ta ɗaga fiffike ta nuna inda kitsen yake kwance, Muzuru ya matso ya duba da kyau. Cindo ya ce in ana maganar taushi babu kamar yaro, tsoho sai an daɗe ana fama da shi. Muzuru ya gyaɗa kai ya ce wannan gaskiya ne, shi shaida ne.

Kura ta tambaya ko akwai mai sauran magana. Hansai ta fito. Ta tsaya inda take jin warin bakin Kura, ba ta ja da baya ba.

"Ranki ya daɗe, ni uwar lamba tara ce. Sunanta Kyallu. Na zo a nuna mini inda take."

Dila ya sunkuyar da kai cikin takarda. Kura kuwa ko gezau. Ta sassauta murya ta ce, "Allah sarki, Inna. Allah ya ba ki haƙuri. Ilmi ba ya samuwa sai da sadaukarwa, kuma 'yarki ta yi wa jinsinta hidimar da ba za a manta ba. Ita ce ta ɗaga darajar mata a rahoton nan. Hukuma za ta kafa kwamiti ya duba yadda za a karrama iyayen irin waɗannan. Malam Muzuru zai shugabance shi."

Hansai ta juya ta dubi yayanta. Yanzu kam ya ji da kunnensa. Ta ga jan wuyansa ya koɗe, jelarsa ta fara sauka. Ta ce a ranta, alhamdu lillahi, ya farka.

Amma Kura ba ta ba shi sararin tunani ba. Ta buga ƙafa ta ce, "Ga hukunci. Hujjojin Jatau sun gamsar da hukuma, ban taɓa jin lauya irinsa ba. An ɗaga manyan maza zuwa daraja ta ɗaya ta musamman. Mata suna nan a daraja ta ɗaya, ba a taɓa su ba. Samari an ƙirƙiro musu daraja ta ɗaya ta taushi. Za a sake bincike da kaka kamar yadda aka roƙa, kuma daga yau hukuma za ta riƙa aiko wa manyan maza gyaɗa da ƙuliƙuli don su fito da ainihin matsayinsu. A shari'ar nan babu wanda ya faɗi. Kowa zai ci."

Ihu ya tashi. Maza suka kewaye Jatau suna kiran sunansa, ana yi masa kirari. Hansai tana kallo, jelar da ta fara sauka ta sake tashi a hankali har ta baje gaba ɗaya.

A hanyar gida ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake roƙon kowa a taro ba. Ta san gaskiya ɗaci gare ta, ba a ɗura wa jama'a ita da ludayi ɗaya. Ta koma bin gida gida da rana tsaka, tana magana da iyaye ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda suka ji lambar nasu a rataye suka yi kamar ba su ji ba. Wasu suka kore ta. Wasu suka ce sai sun ga yadda kaka za ta kaya. Ta je ta auna mashigin kogi da ƙafarta sau uku, ta gano inda duwatsu suke kusa da juna, ta koya wa 'yan tsakinta bakwai tsalle daga dutse zuwa dutse a bayan kurmi. Cikin wata guda ta sami goma sha tara da suka yarda su haye tare da ita, har da ƙanin Cindo da wasu tsofaffin maza biyu da suka ce gyaɗar hukuma tana tsaya musu a wuya. Tabawa ba ta zo ba, amma ta aiko da 'ya'yanta uku, ta ce a ce wa jama'a ziyara suka tafi.

Ranar tafiya, da hantsi, suna bakin mashigi ruwa bai kai gwiwa ba, sai ga Jatau yana tahowa. Ya yi ƙiba har tafiya tana yi masa wuya, ƙirjinsa na sheƙi, yana haki. A bakinsa akwai takarda.

Ya ajiye ta ya ce, "Ashe da gaske kike."

"Da gaske nake, Yaya. Akwai dutse mai faɗi a tsakiya, zai ɗauke ka. Zan jira ka a kai."

Ya dubi ruwan, ya dubi duwatsun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Na ji abin da Kura ta faɗa ranar nan, Hansai. Ba kurma ba ne ni. Amma wannan a kan samfuri ne. Ni yanzu ba samfuri ba ne, ni abokin hulɗar hukuma ne. Ba a taɓa wanda ake ji da shi. Kuma in na haye, me zan zama a can? Tsohon talotalo mai tono kamar kowa. A nan ni ne na ɗaya a cikin na ɗaya. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi."

"Zakaran ma ai sai yana da wuya yake cara."

Ya yi dariya, ya ce bakinta bai canza ba tun tana 'yar tsako. Ya tura mata takardar da ƙafa. "Duba nan. Jibi ne bikin karramawa. Ni za a fara kira."

Hansai ta karanta. Ta karanta sau biyu. Ta matso ta gyara masa wani gashi da ya karkace a wuya, kamar yadda yake yi mata da, ta ce, "Allah ya kiyaye, Yaya." Ya ce, "Amin, ki gaishe da mutanen tsallake." Ta juya ta sa ƙafa a dutsen farko, 'yan tsakin da sauran matafiyan suka biyo ta a jere, tana ƙirga su da ido har na ƙarshe ya taka yashi. Da ta waiwaya, Jatau ya riga ya kama hanyar kurmi, takardarsa a baki, yana tafiya a hankali don kada ƙibar ta zube kafin jibi.

Takardar kuwa an tsara ta da kyau, babu kuskure ko ɗaya. Ta faɗi ranar biki, ta faɗi lokacin zuwa da ƙofar da za a shiga, ta roƙi masu karɓar lambar yabo su yi wanka, su kuma zo da ciki babu komai. Lokacin tashi ne kawai magatakarda bai ga dalilin ɓata tawada a kansa ba.